Haya a Nima da Maamobi: Ina mai gidan da ba riba ta kawo shi ba?

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ɗora kaya daga Illela ko Jibiya ko Kamba ya nufi ƙasar Gana, ya san cewa wahalar hanya daban, wahalar masauki daban. Ana iya kwanaki ana fama da shingayen kwastan da 'yan sanda daga Malanbil zuwa Kwatano, a ratsa Lome a tsallaka Aflawo, amma da zarar an shiga birnin Accra, wanda mu muka fi sani da Ankara, sai wata sabuwar tambaya ta taso, wato ina za a ajiye haƙarƙari. Ga mai kwana biyu ko mako guda abin da sauƙi, domin ba a rasa ɗan gari ko shagon wani ɗan'uwa ko barandar masallaci. To amma wanda harka ta zaunar, har yana tunanin ɗauko iyali, shi ne zai gane abin da mutanen Nima da Maamobi suka daɗe suna kuka da shi.

Abin kukan kuwa shi ne adibas. A mafi yawan garuruwanmu ana biyan haya ta shekara guda ne, wani wurin ma wata-wata. A Ankara al'adar da ta kafu ita ce mai gida ya nemi kuɗin shekara biyu a dunƙule tun kafin ya miƙa makulli, wani lokaci har uku idan ɗakin yana bakin titi ko kuma shago ne. A kan wannan ga la'adar dillali, ga kuɗin da yake karɓa tun kafin ya kai mutum ganin ɗaki, ko an daidaita ko ba a daidaita ba.

Bari mu buga misali don mai karatu ya ga nauyin abin. A ce ɗaki ɗaya sidi 300 ne a wata. Shekara biyu ta kama sidi 7,200 ke nan, a ƙirga su a hannun mai gida rana ɗaya. Ga ma'aikacin ofis wannan bashi ne da zai ci. Ga ɗan kasuwa kuwa jari ne aka cire daga juyawa aka binne a bango. Kuɗin da zai sari albasa ko wake ko goro ya juya su sau da yawa kafin shekara ta zagayo, sun kwanta ba sa haihuwa. Sannan ga faɗuwar darajar sidi: a watan Disamba na 2022 hauhawar farashi a Gana ta haura kashi 54 cikin ɗari, saboda haka da wa'adi ya cika sai mai gida ya ce lissafin da ya wuce ya wuce, sabon farashi ya ninka, kuma shi ma na shekara biyu yake so.

Doka tana nan, yunwar ɗaki ta fi ta ƙarfi

Abin mamaki shi ne dokar ƙasar ba ta yarda da haka ba. Dokar Haya ta 1963, mai lamba 220, ta hana mai gida karɓar adibas da ya wuce na wata shida, kuma ta mai da yin hakan laifi. Akwai ofishin kula da haya a ƙarƙashin ma'aikatar ayyuka da gidaje, wanda kowa ya sani da Rent Control, inda ɗan haya zai iya kai ƙara. Sai dai wa zai kai ƙarar mutumin da yake roƙon ya ba shi ɗaki? Idan ka tsaya karanta masa doka, akwai mutum biyar a bayanka da kuɗinsu a aljihu. Bayan ƙidayar 2021, wadda ta nuna mutanen Gana sun kai miliyan 30.8, hukumomi sun ƙiyasta cewa ƙasar tana da giɓin gidaje kimanin miliyan 1.8, kuma kusan rabin magidantan da ke birane a gidan haya suke.

Wani abin lura kuma shi ne gwamnati da hannunta ta taimaka wajen haifar da wannan al'ada, alhali taimakon talaka ta nufa. Gwamnatocin soja, musamman ta Jerry Rawlings da dokarta ta 1986, sun ƙayyade kuɗin hayar ɗaki a kan farashi mai rahusa ƙwarai. Wani bincike da Bankin Duniya ya wallafa a 1990 a kan birnin Kumasi ya gano cewa abin da mai haya ke biya bai kai kashi 2 cikin ɗari na abin da yake kashewa ba. Daɗi ga wanda ya riga ya samu ɗaki. Amma masu gidaje suka ga kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu, suka daina ƙara ɗakuna, suka daina gyara, waɗanda suka ci gaba kuwa suka koma neman kuɗin shekaru a dunƙule domin su samu abin sayen siminti da kwano. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ƙayyade farashin ya shuɗe, adibas ya zauna daram.

Ya kamata mu yi wa masu gidajen Zango adalci a nan. Yawancinsu ba attajirai ba ne. Gida ne na gado mai ɗakuna goma ko ashirin kewaye da tsakar gida ɗaya, magada sun raba, wannan yana da ɗaki biyu, waccan gwauruwa tana da ɗaya, kuma da kuɗin hayar take ci take biya wa jikoki makaranta. Banki ba ya ba su bashi saboda da yawa ba su da cikakkiyar takardar fili. Adibas ɗin ɗan haya shi ne bankinsu. Illar ita ce gidan da yake na kowa ba na kowa ba ne idan aka zo gyara: rufi yana yoyo ana kallon juna, kuma a gidaje da dama an rushe makewayi an mai da shi ɗakin haya, shi ya sa za ka tarar da layi da asuba a ƙofar ban-ɗakin kuɗi.

Yadda Nima ta zama Nima

Nima ba tsohuwar unguwa ba ce kamar yadda wasu ke zato. A farkon shekarun 1930 ne Malam Amadu Futa, wani Bafulatani mai fataucin shanu, ya samu izinin zama a wurin daga iyalan Odoi Kwao na ƙabilar Ga, lokacin wurin daji ne da ake kiwo. Shi ya riƙa yanka wa baƙi filaye. Yaƙin Duniya na Biyu ya kawo barikoki da ayyuka a kusa, bayan yaƙin kuma tsofaffin sojoji 'yan arewa suka sauka nan. Da yake unguwar tana wajen iyakar birni har zuwa farkon shekarun 1950, babu wanda ya shata titi ko magudanar ruwa, kowa ya gina inda ya samu. Lungunan da mutum biyu ba sa iya giftawa a cikinsu, da babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi, gadon wancan zamani ne.

Kafin Nima akwai Sabon Zango, wanda Malam Baƙo ya kafa a farkon ƙarni na 20. Wata Ba'amurkiya mai bincike, Deborah Pellow, ta rubuta littafi guda a 2002 a kan masu gidaje da 'yan hayar wannan unguwa. Abin da ya ja hankalin masu bincike irinta abu ne da mu muka tashi muka tarar, wato tsarin maigida ko fatoma.

Idan za a yi maganar mai gidan da ba kuɗin haya yake nema ba, to daga nan ya kamata a fara, domin kakanninmu sun yi shi tun zamanin fataucin goro zuwa Gwanja. Falke ya sauka a Salaga ko Kumasi ko Ankara, maigida ya ba shi ɗaki, ya ba shi tuwo, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan an ɗauki kaya bashi. Ba a ƙirga kuɗin ɗaki. Maigida yana samun nasa ne daga la'adar ciniki, da kuma girman da yawan baƙi ke jawo masa a gari. Ba sadaka zalla ba ce, kasuwanci ne, amma kasuwancin da ya sa jarin baƙo ya tsaya a hannun baƙo. Har yanzu ana samun ɓurɓushin wannan a harkar shanu da goro da albasa. Sai dai an gina tsarin ne domin baƙo mai zuwa ya koma, ba domin magidanci mai mata da 'ya'ya huɗu ba. Kuma ya sha duka a watan Nuwamba na 1969, lokacin da gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar. Dubun dubatar mutane suka fita, da yawa suka karyar da gidajensu a kan abin da bai taka kara ya karya ba, zumuncin da aka yi shekaru ana ginawa tsakanin masu masauki da fatake ya tsinke a wurare da dama.

Gidajen gwamnati: na wa ne?

Gana ta taɓa yin gidajen haya na hukuma, kuma ba kaɗan ba. Bayan girgizar ƙasar da ta afka wa Ankara a watan Yuni na 1939, gwamnatin Turawa ta gina rukunin gidaje a wurare irin su Korle Gonno da Mamprobi da Kaneshie. A tsakiyar shekarun 1950 aka kafa hukumar gidaje wadda daga baya ta zama State Housing, ga kuma hukumar raya birnin Tema da aka kafa a 1952, wadda ta gina wa ma'aikatan tashar jiragen ruwa da masana'antu gidaje. Daga baya asusun fansho na SSNIT ya gina benaye a Dansoman da Adenta da Sakumono yana ba ma'aikata haya.

Amma a tambayi dattawan Nima mutum nawa suka sani da ya samu ɗaki a ciki. Ma'aunin shiga shi ne takardar albashi da wasiƙar ofis. Mahauci da mai gadi da ɗan koli da mai tallar koko ba su da ko ɗaya. Rukunin gidajen Kanda yana nan maƙwabtaka da Nima, titi ne kawai ya raba, amma duniya biyu ce. Daga baya ma hukumomin suka ga hayar ba ta isa gyara ba, suka sayar da mafi yawan gidajen ga waɗanda ke ciki, State Housing kuma ta zama kamfani a 1995, mai gini don sayarwa. Aikin Saglemi da aka amince masa da bashin dala miliyan 200 a 2012 da niyyar gidaje 5,000, kimanin 1,500 aka tayar, suka yi shekaru babu kowa a ciki sai ciyawa.

Mutanen Zango sun sa rai a 2017 da gwamnatin Nana Akufo-Addo ta kafa ma'aikata ta musamman domin unguwannin Zango, tare da Asusun Raya Zango. An yi filayen ƙwallo da fitilun titi da azuzuwa da magudanai a wasu wurare. A 2019 shugaban, wanda gidansa na kansa yake Nima, ya yi maganar sake gina Nima da Maamobi baki ɗaya su zama unguwannin zamani. Masu gidaje suka riƙa tambayar me za a ba su, 'yan haya kuwa, waɗanda su ne mafi yawa, suka riƙa tambayar ina za a kai su. A 2021 aka rushe ma'aikatar, lungunan Nima kuma suna nan yadda suke.

Abin da ya fi kusa da taɓa matsalar adibas kai tsaye shi ne shirin tallafin haya na ƙasa da mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Dakta Mahamudu Bawumia, ya ƙaddamar a ƙarshen Janairun 2023 da sidi miliyan 30, a yankuna shida da suka haɗa da na Ankara da na Ashanti. Tsarin shi ne shirin ya biya mai gida adibas, ɗan haya ya riƙa mayarwa wata-wata. Dabara ce mai kyau, amma sharuɗɗan da aka gindaya su ne zama ɗan ƙasa, da katin ɗan ƙasa na Gana, da shaidar samun kuɗi da za a iya tantancewa. Ɗan kasuwar da ya zo daga Maraɗi ko Katsina ba ya ciki. Kuma idan aka duba da kyau, shirin bai ƙara ɗaki ko ɗaya ba, bai kuma hana mai gida neman shekara biyu ba, taya ɗan haya biya kawai ya yi.

Darasin Ashaiman

Misalin da muke ganin ya fi cancanta 'yan kasuwa su yi nazari a kansa yana Ashaiman ne, kusa da Tema, a unguwar Amui Dzor da ke yankin Tulaku. Duk mai harkar dabbobi ya san Tulaku saboda babbar kasuwar shanun da ke wurin.

Asalin abin adashi ne, wanda mutanen Gana ke kira susu. Bayan barazanar tashin mazauna Old Fadama a 2002, talakawan unguwannin marasa galihu suka fara kafa ƙungiyoyin ajiyar kuɗi na kullum, mafi yawansu mata, suka haɗu a ƙarƙashin tarayyar da ake kira GHAFUP, tare da goyon bayan wata ƙungiya mai zaman kanta, People's Dialogue. A Amui Dzor suka kafa ƙungiyar gama kai ta gidaje. Sarakunan gargajiya na Tema suka ba da fili, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunai ta tsaya musu a gaban banki, aka ci bashi, aka rushe rumfunan katako aka tayar da bene mai hawa uku. A wajajen 2010 aka shiga: mazaunin iyali 31, shaguna 15 a ƙasa, da gidan wanka da ban-ɗaki na kuɗi.

Hikimar tana cikin shagunan da ban-ɗakin. Kuɗin da suke kawowa yana taya biyan bashin banki, saboda haka abin da ya hau kan kowane magidanci a wata ya ragu. Babu mai gida guda da zai wayi gari ya ce ɗansa zai yi aure a kwashe kaya, babu kuma maganar shekara biyu a dunƙule. Ba haya ce zalla irin wadda muka saba ba, domin mazaunan 'yan ƙungiya ne masu haƙƙi a ginin, kuma sai da kowa ya nuna tarihin ajiyarsa kafin a zaɓe shi.

Kada dai mu zuzuta. Iyali 31 a garin da ya haura mutum 200,000 ɗigo ne a cikin teku, kuma an sha zaman sulhu da jiran takardu na shekaru kafin a aza bulo na farko. Fili a Nima ya fi na Ashaiman tsada nesa ba kusa ba, ga shi kowane taku yana da magada. Amma aikin ya nuna cewa banki yana iya ba masu tallar kasuwa bashin gini idan suka zo a ƙungiyance da littafin ajiya a hannu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mu da muke da ƙungiyoyin 'yan albasa da 'yan goro da 'yan shanu da direbobi, masu tara kuɗi duk mako, ba mu da hujjar cewa abin ya fi ƙarfinmu.

Ga kuma wakafi, wanda addininmu ya tanada tun tuni. Masu hali a Zango ba sa ƙyashin gina masallaci, har za ka ga uku a layi ɗaya, Allah ya saka musu. Amma da wuya ka ji wanda ya tsayar da gida mai ɗaki goma ya ce wakafi ne, a ba marasa ƙarfi haya mai sauƙi wata-wata. A wasu ƙasashe an yi. A Zanzibar hukumar wakafi tana riƙe da ɗaruruwan gidaje a tsohon gari, talakawa na zaune a ciki da haya mai rahusa, ko da yake rahusar ta yi yawa har gidaje da dama suka lalace don babu kuɗin gyara. A birnin Augsburg na Jamus kuwa, wani attajirin ɗan kasuwa, Jakob Fugger, ya tsayar da rukunin gidaje ga matalauta a 1521, kuma har yau hayar shekara ba ta kai yuro ɗaya ba. Abin da ya raya nasa shekara 500 shi ne an haɗa gidajen da dukiya mai kawo kuɗi, musamman dazuzzukan katako. Wanda zai yi irin wannan a Maamobi ko Madina ko Ashaiman sai ya haɗa ɗakunan da shaguna ko sito, ya rubuta sharuɗɗa a gaban lauya da malamai, ya naɗa amintattu fiye da ɗaya, domin kada ya rasu magada su ce ba su san zancen ba. Jihohi irin su Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka da wakafi da za a iya koyon tsarin rubutu da rajista daga gare su.

Buƙatar kuwa ƙaruwa take yi. A watan Yulin 2021 hukumomi sun tashi kasuwar albasa ta Agbogbloshie suka mai da ita Adjen Kotoku, can bayan gari ta hanyar Nsawam. 'Yan albasa da yawa 'yan Nijar ne da 'yan arewacin Nijeriya, kuma wanda ya riga ya biya adibas a cikin gari sai ya zaɓa, ko ya riƙa kashe kuɗin mota kullum, ko ya bar kuɗinsa ya sake neman ɗaki. Da ƙungiya tana da masaukinta a gefen sabuwar kasuwa, da asarar ba ta kai haka ba.

Kafin a samu irin wannan, wanda zai kama ɗaki a Nima ko Maamobi ya kiyaye wasu abubuwa. Kada ya ba dillali kuɗin haya, ya ba mai gida hannu da hannu. Da yake gidajen gado ne, ya bincika wane ne cikin magada yake da ikon ɗakin, domin an sha karɓar kuɗin mutum biyu a kan ɗaki ɗaya. A rubuta yarjejeniya da ranar shiga da ranar fita da adadin kuɗi, da wanda zai biya wuta da ruwa da shara, a sa hannu a gaban shaidu, zai fi kyau a samu limamin unguwa ko wakilin sarkin Zango a ciki, a kuma karɓi rasit. Idan ɗan haya zai yi gyara da kuɗinsa, kamar sa ƙofa ko siminti ko jawo mita, a rubuta cewa za a cire daga haya. Ya kuma sani cewa dokar 1963 ba ta ba mai gida ikon cire rufi ko ƙofa ko watsar da kaya waje ba, sai ya bi ta ofishin haya da kotu, kuma baƙo ma yana da damar kai ƙara a can matuƙar yana da rasit ɗinsa a hannu.